Kaba da Farin Gwado Sun Ishi Majami'un Katsina Kwalliyar Ista

Ista ba ta taɓa riskar ƙasar Katsina da damina ba. Lissafin da Kiristoci suka gada tun zamanin taron Nikiya na shekarar 325 ya ɗaure bikin ga Lahadin farko bayan cikar watan da ya zo daga 21 ga Maris, don haka a kalandar da majami'un Najeriya ke bi, ranar ba ta fita daga tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A Babban Duhu da Runka da Zakka ta ƙasar Safana, da Batsari da Ruma, wannan shi ne tsakiyar bazara. Hunturu ya wuce, hadari bai fara haɗowa ba, zafi yakan haura digiri 40, rijiyoyi sun ja baya, kuka ta kaɗe ganyenta ƙaf. Ɗanyen furen da aka yanko da hantsi, kafin azahar ya zama shara.

Duk da haka, da Mako Mai Tsarki, wato makon da ke kaiwa ga Ista, ya matso, abin da ake gani a gaban majami'u da yawa, daga Dutsin-Ma zuwa Malumfashi har birnin Katsina, kusan iri ɗaya ne. Yadi mai sheƙi an tattaro shi daga rufi zuwa ƙasa, furen roba ɗan Chaina an cusa shi a tukwanen roba, balan-balan fari da ruwan ɗorawa an zagaye dandamali da su, ga fitilu masu ƙyaftawa da ba sa kamawa sai an tada janareto. Kayan daga Kano suke fitowa, yadi daga Kantin Kwari, fure daga kasuwar Sabon Gari, ko kuma a ɗauko hayarsu wurin masu kwalliyar wuraren biki. Ranar Talata a kwance, a mayar, a biya. Majami'ar ƙauye da ba ta da ƙarfin haka sai ta ji ta gaza, har dattawa su yanka wa kowane gida kuɗi, don kada a ce ikilisiyar su wane ta fi tasu.

Mafi yawan mutanen ƙasar Katsina Musulmi ne, kuma sanin kowa ne Musulmi da Kirista sun saɓa a kan yadda zaman Annabi Isa a duniya ya ƙare. Ba wannan ne batun ba a nan. Abin da ya kamata a sani shi ne, a wurin Kirista babu ranar da ta kai Ista, ko Kirsimeti ba ta kamo ƙafarta ba, domin ya yi imani an gicciye Yesu Almasihu ranar Jumma'a, ya tashi daga matattu ranar Lahadi. Gwamnatin tarayya na ba da hutun wannan Jumma'a da Litinin ɗin da ke biye. A 2023 da 2024 ma bikin cikin watan Ramadan ya faɗo, maƙwabta na tsakiyar azuminsu, Kiristoci na kammala nasu na kwana arba'in.

A Safana da Batsari Kiristoci 'yan ƙalilan ne, galibi ma'aikata da jami'an tsaro da 'yan kasuwa. Amma da an miƙa kudu da gabas, ta Ƙanƙara da Malumfashi da Ƙafur da Bakori da Matazu da Musawa, akwai ƙauyukan Hausawa Kiristoci, Masihiyawa, yawancinsu jikokin Maguzawa, waɗanda ba su da wani harshe sai Hausa, ba su da wani gari sai wanda aka binne cibiyarsu. Tarihinsu ba na jiya ba ne. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A cikin shekarun 1930 ɗin, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar masu cutar kuturta a Babbar Ruga, a kan hanyar nan da ta tashi daga Katsina ta nufi Batsari. Daga SIM ne ECWA ta fito a 1954. Ɗarikar Anglikan ta kafa dayosis ɗin Katsina a 1990, Katolika kuma ta samu nata a watan Oktoban 2023, lokacin da Fafaroma Faransis ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya zama bishop a wannan ɗarika.

Shi ya sa maganar kwalliya ba ƙaramar magana ba ce. Bahaushe Kirista ya daɗe yana kukan ana masa kallon baƙo a ƙasar kakanninsa, wajen neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wajen neman filin gina majami'a, wajen ɗaukar aiki. Kukan nan yana da tushe. To amma a ranar da ta fi kowace rana girma a wurinsa, ranar da ake ɗaukar hotuna ana watsawa a Facebook da WhatsApp, sai ya ƙawata bagadensa da kayan da babu ko ɗaya da ya fito daga ƙasar Katsina. Mai kallon hoton ba zai bambance Ƙafur da Legas ko Fatakwal ba. Gaban majami'a yana faɗin ko ɗakin su wane ne tun kafin mai wa'azi ya hau mumbari, kuma na Katsina ya kamata ya ce na Katsinawa ne.

Abin takaicin ma, salon da ake kwaikwayon ba daga Urushalima ya zo ba. Farin furen nan mai dogon wuya da ake kira lili, wanda na robansa ya cika kasuwanni, asalinsa tsibiran Ryukyu ne na kudancin Japan. Amurkawa ne suka ɗaukaka shi a matsayin furen Ista, suna noma shi a gaɓar teku, kan iyakar Kalifoniya da Oregon, suna rainonsa a ɗakunan gilashi don ya buɗe daidai ranar. Su kuwa mutanen ƙasashen sanyi, da abin da ƙasarsu ta ba su suka yi amfani. Linjilar Yohanna ta ambaci rassan dabino da jama'a suka tarbi Yesu da su 'yan kwanaki kafin a kama shi, abin da ake tunawa ranar Lahadin Dabino. Rasha da Yukren ba su da dabino, sai suka ɗauki reshen wata bishiyar bakin rafi da ke fara toho bayan ƙanƙara ta narke, har ranar ta ci sunan bishiyar. Italiyawa suka ɗauki zaitun. Mutanen Foland suna ɗaure busassun furanni da zangarniyar hatsi a jikin sanda. Ingila kuwa sayowa take yi: tun 1965 ƙauyukan Masasi da ke kudancin Tanzaniya ke saƙa ƙananan gicciye da ganyen wata bishiya 'yar'uwar goruba, ana kai wa majami'un Ingila da Amurka, kuɗin na komawa ga masaƙan da ƙauyukansu.

Wato abin da Bature ke aikowa Afirka a saƙa masa, irinsa ne ke tsiro a bakin gonakin Safana ba tare da kowa ya shuka ba. Kaba ke nan.

Kaba ce tabarma, ita ce igiya da kwando da mafici da malafa. A kasuwannin ƙauye na yammacin Katsina akwai layin masu tabarmi, da na masu tukwane da tuluna, da na masu ƙorai da faya-fayi. Kusan dukkansu Musulmi ne, kuma da yawansu shekarun tashin hankali sun karya musu jari, domin wanda ya gudo daga ƙauyensa da kayan jikinsa ba ya sayen sabuwar tabarma sai dole. Nairar da aka sayi furen roba da ita, ta Kano za ta bi ta fice ƙasar waje, a farashin dalar da ya ninka tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023. Wadda aka sayi tabarma da ita kuwa a garin za ta kwana, ta zama gero a gidan masaƙi. Idan Uwar Zumunta, shugabar Zumuntar Mata ta ikilisiya, ta je da kanta ta ce wa Malam mai tabarma ikilisiya na son guda ashirin kafin Ista, shi kuma ya ce in Allah ya yarda za a samu, an ƙulla zumuncin da ya fi tarukan zaman lafiya na otal daɗewa, domin baɗi ma za ta dawo.

Mako Mai Tsarki kansa ba ƙyalli yake nema ba daga farko har ƙarshe. Labari ne mai hawa-hawa, kuma ƙa'idar Katolika ta fayyace shi. Cikin kwana arba'in na azumi launin shunayya ake sawa, ba a ɗora fure a bagade in ban da 'yan ranakun da aka keɓe. Daren Alhamis, bayan tunawa da Jibin Ubangiji, wato cin abincin ƙarshe da Yesu ya yi da almajiransa, sai a kwashe komai, a bar bagade ba ƙyalle ba kyandir. Jumma'a Mai Kyau haka zai wuni. Sai daren Asabar a hura sabuwar wuta a waje, a kunna babban kyandir na Ista daga gare ta, a shiga da shi majami'a fitilu a kashe, sannan fari da ruwan zinariya su bayyana. Anglikan na bin kusan wannan tsari. ECWA da Baftis da sauran majami'un bishara ba su da dokar launi, amma labarin da suke karantawa ɗaya ne. Ikilisiyar da ta rataye balan-balan tun Laraba, saboda ranar ce mai haya ya samu sarari, sannan ta yi wa'azin makoki ranar Jumma'a a ƙarƙashin kayan shagali, ta rushe rabin darasin da hannunta.

Kayan da labarin ya ambata kuwa duk akwai su a nan. Gicciye itace ne, azara biyu ta giginya ko rassan da aka sassabe daga gona sun wadatar. Rawanin ƙaya, ga aduwa ga bagaruwa. Kabarin a jikin dutse aka sassaƙa shi, da wani dutsen aka rufe bakinsa, ga ƙasar Batsari da Dutsin-Ma cike da duwatsu, yara ma za su iya yin kamanninsa da kara da takardar buhun siminti da jar ƙasa, kuma yaron da ya gina kabarin da hannunsa ba zai manta labarin ba. Likkafanin da aka tarar a ajiye safiyar Lahadi farin ƙyalle ne, kuma farin gwado na saƙar hannu, a jihar da ake noman auduga daga Funtuwa zuwa Malumfashi, ya fi kowane yadin roba kusa da shi. Baƙin rini ko saƙi ya ɗauki ranar Jumma'a. Matan da suka yi sammako zuwa kabarin, da kayan ƙanshi suka tafi, ga turaren wuta a kowane gida, ga ƙaron hano, wanda dangin bishiyar lubban ne. Kore ma ba ya yankewa ko a tsakiyar bazara. Darbejiya na da ganye, mangwaro na da ganye, gawo kuwa a lokacin ne yake lulluɓe, tunda shi da damina yake kaɗewa. A zuba rassan a tulu mai ruwa, a shafe bango da farar ƙasa, a shimfiɗa sababbin tabarmi daga bagade zuwa bakin ƙofa.

Ba sabon abu ake kira a ƙirƙiro ba. Wanda ya je Wusasa, kusa da birnin Zariya, zai ga majami'ar St. Bartholomew da aka gina a 1929, lokacin da mishan ta CMS ta tashi daga cikin birni, inda Likita Walter Miller ya yi shekaru, ta koma can. Da ƙasa aka gina ta, a salon ginin Hausa, da bakan gizo irin na soron sarakuna, fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a masallacin Jumma'a na Zariya kusan ƙarni guda kafin nan. A Wusasar nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ginin ya doshi shekara ɗari yana tsaye, kuma wanda ya shiga ba ya buƙatar a gaya masa majami'ar wace al'umma ce.

A ƙasar Yarbawa ma an gwada. A 1947 limaman Katolika biyu, Kevin Carroll da Sean O'Mahoney, suka buɗe wurin sassaƙa da saƙa a Oye-Ekiti don majami'u su samu kayan ado na gida. Mafi shahara cikin masassaƙan da suka yi aiki da Fada Carroll shi ne Lamidi Fakeye, Musulmi, wanda ya sassaƙa ƙofofin majami'u har sunansa ya kai Turai da Amurka. Akwai Kiristocin da suka ƙi aikin a lokacin, suna ganin ya yi kama da gumakan da suka baro, aka kuma rufe wurin a 1954. A 1963 babban taron Vatikan na biyu ya bayyana cewa ikilisiya ba ta riƙi wani salon fasaha guda a matsayin nata ba, kowace al'umma na da damar kawo nata.

Irin wancan tsoro yana nan a ƙasar Katsina, kuma bai kamata a raina shi ba. Dattijon da ya tashi a gidan Maguzawa ya ga tulu a gindin tsamiya, ya ga ƙwaryar da ake zuba hadaya, ya san wane launin zane ne na wane iska. Da wahala ya rabu da waɗannan, wani ma dangi ya rasa a kan haka. Idan matashi ya ajiye tulu a gaban bagade Baba ya ɓata rai, ba ƙauyanci ba ne, abin da ya baro ya tuna. Maganin shi ne a je a gaishe shi a tambaye shi tun kafin a fara, abin da ya ce wannan na tsafi ne a ajiye shi gefe ba gardama. Amma Baba ya san tulun nan shi ne 'yan Zumuntar Mata ke bugawa kowace Lahadi tare da caki da kuge, har ya zama sautin da ake gane majami'ar Arewa da shi. Ya kuma san ba a daina shan fura a ƙwarya ba don an bar tsafi. Abin da kunne ya karɓa tun shekaru masu yawa, ido ma zai karɓa in an bi a hankali.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa abin da aka yi wa Ubangiji ba ya yawa. Sukan kawo labarin matar da ta zuba wa Yesu turare mai tsada gab da a kama shi, wasu suka yi gunaguni cewa da sayarwa aka yi aka ba talakawa, shi kuwa ya kare ta. Labarin yana cikin Linjila, kuma ya isa ya rufe bakin duk mai son a bar majami'a ba gyara saboda rowa. Sai dai matar nan nata ta kawo. Ba haya ta ɗauko ba, ba a kuma bi gida-gida an yanka wa gwauraye kuɗi ba. Matan da suka yi kwanaki suna saƙa kaba bayan sun gama aikin gida, da tsohuwar da ta ciro gwadon aurenta daga adaka ta ce a shimfiɗa a teburin Jibin Ubangiji, su ne suka fi kusa da ita.

Kuma a wace ƙasa ake wannan magana? Ƙasar da ke bakin dajin Rugu. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar ta Batsari. A Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. A Mayun 2022 'yan bindiga suka shiga gidan limaman majami'ar St. Patrick da ke Gidan Maikambo ta Ƙafur, suka tafi da limamai biyu da yara biyu. A Janairun 2023 suka kwashe masu sujada daga wata majami'a a ƙasar Ƙanƙara ranar Lahadi. A Agustan 2025 suka buɗe wuta a masallacin Unguwar Mantau ta Malumfashi ana sallar Asuba. Musulmi ne suka fi yawa cikin waɗanda aka kashe, domin su ne suka fi yawa a ƙasar, amma babu al'ummar da abin ya tsallake. Sulhun da aka ƙulla a Batsari da Safana a 2025 ya ba wasu damar komawa gona, sai dai gidajen da suka sayar da shanu da gonaki suka biya kuɗin fansa ba su farfaɗo ba. Ikilisiyar da ke da gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira a kan bencinta, in ta kashe baikon wata guda a kan yadin da za a kwance ranar Talata, ta yi kuskuren lissafi. Wannan kuɗi buhun gero da masara ya kamata ya zama, a raba ranar Litinin ɗin Ista ga mabuƙata na ciki da na waje, Kirista da Musulmi.

Akwai kuma maganar lafiya, wadda ba a cika tunawa da ita ba sai abu ya faru. Balan-balan kan fashe da kanta in zafi ya yi yawa, kuma ƙarar fashewa a ɗakin da ke cike da mutanen da suka taɓa gudun harbi ba abin wasa ba ne, firgita ɗaya ta isa a tattake yara a bakin ƙofa. Labulen da ake rufe tagogi da ƙofar gefe da shi don hoto ya yi kyau yana toshe hanyar fita, yana kuma toshe iska a lokacin da sanƙarau ya fi yaɗuwa, cutar da ta kashe sama da mutum dubu a Najeriya a 2017, Zamfara da Sakkwato da Katsina na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Yadin roba kusa da kyandir, ko kusa da wayar janareto da aka yi wa ɗaurin gaggawa, gobara yake jira. Busasshiyar kaba ma tana cin wuta, don haka ita ma a nisanta ta da kyandir, a bar tagogi da ƙofofi a buɗe.

Matasa za su ce wannan koma-baya ne, su ma suna son majami'arsu ta fito a waya kamar ta manyan birane. Son kyau ba laifi ba ne, kuma talaka ya fi kowa cancantar ya ga abin da zai faranta masa rai a ranar idinsa. Masu sana'ar kwalliya ma, waɗanda da yawansu mata ne masu neman na kansu, ba abokan gaba ba ne. Kayan aikin ake so su sauya, ba sana'ar ba. Ido da hannun da suka iya tattare yadi za su iya jera faya-fayi masu launi a bayan mumbari, su haɗa tabarmi su rufe bango, su fito da dagi da farar ƙasa. Jere fasahar matan Hausa ce tun kaka da kakanni, duk unguwa akwai gwanar da ake kira in za a kai amarya, kuma irin waɗannan gwanaye na zaune a kan bencin Zumuntar Mata ba wanda ya nemi shawararsu. Ga kuma ribar da kayan haya ba su da ita: bayan biki tabarmin su koma ajin yara na Lahadi, tulun ya zama na ruwan sha, gwadon a ninke sai baɗi. Ko ganyen Lahadin Dabino ba ya zama shara a wurin Katolika, shi ake ƙonawa a samu tokar da ake shafawa a goshi ranar Larabar Toka ta shekara mai zuwa.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada a tura yara daji neman kaba a irin wannan lokaci, a saya a kasuwa ko a yanko a bakin gona kusa da gari. Kada kuma a aske itatuwan gari saboda bikin kwana ɗaya, reshen gefe ake ɗauka, ba a taɓa zuciyar bishiya. Darasin yana nan kusa, a Maraɗi, inda tun 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoma Hausawa a kan barin kututture ya yi toho a gona maimakon a tumɓuke shi. Wannan dabara ta taimaka wajen dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan biyar a Nijar. Majami'un da suka fito daga wannan mishan bai dace a same su cikin masu sare itace ba.

Tabarma ba ta saƙuwa a kwana ɗaya, gwado ma haka, don haka shawarar ba ta Mako Mai Tsarki ba ce. Kwamitocin ikilisiya su zauna tun farkon azumi, su kira Uwar Zumunta da shugaban matasa da dattawa, su yanke abin da za a saya a kasuwar gari da abin da 'yan ikilisiya za su yi da hannunsu, su rubuta kuɗin da aka rage a karanta shi a gaban jama'a tare da inda za a kai shi. Shugabannin gundumomin ECWA, da dayosis na Katolika da na Anglikan, da reshen ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, na jihar Katsina, su faɗa wa ƙananan majami'u ƙarara cewa ba a bin su bashin balan-balan. Makarantun horar da fastoci da katikis su sa wannan cikin darasi. Babbar majami'a guda a birnin Katsina ko Malumfashi ta fara a Istar da ke tafe, domin ita ƙananan na ƙauye ke kallo.